Adakar takardun kakanmu: a raba, a ƙona, ko a kai gidan tarihi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan cikin birnin Katsina ne. Kakanmu ya yi aikin malamin hakimi a zamanin En'e, daga baya ya koma sayen gyaɗa da auduga. Adakarsa tana kulle tun rasuwarsa, sai yanzu da mahaifinmu ya rasu za a raba gado a sayar da gidan muka buɗe ta. Cike take da takardu, na Larabci da na ajami da na boko: wasiƙu, rasit, littattafan lissafi, rubuce-rubucen hannu da hotuna. Wasu 'yan'uwa sun ce a raba littattafan addini, sauran a ƙona tunda akwai sunan Allah a ciki. Shin suna da wani amfani? Idan suna da shi, yaya za mu adana su, kuma wa ya kamata mu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku da kakanku, ya ba ku haƙurin rashi.

Kada a ƙona, kada a raba, kuma kada wani mai himma ya zauna ya ce zai tsara su, ya ware masu amfani daga tarkace. Wannan na ukun ba a ɗauke shi ɓarna ba, amma ɓarnarsa takan kusa ta wuta. Mayar da komai yadda ka same shi, ka rufe adakar, ka ɗora ta kan benci nesa da bango, sannan ka roƙi 'yan'uwa su ɗaga maka ƙafa na wata biyu ko uku. Rabon gida da gonaki ba sai ya jira ta ba.

Bari in fara da dalili, don shi za ka je wa baffanninka da shi.

Duk mai binciken tarihin ƙasar Katsina na ƙarni na 20 yakan fara ne da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Aikin adana takardun gwamnati a Najeriya ya samo asali ne daga binciken da masanin tarihi Kenneth Dike ya yi a farkon shekarun 1950, aka buɗe ofishinsa a 1954, daga baya aka yi manyan rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna. Abin da ke Kaduna yana da yawa: rahoton shekara na Razdan, rahoton Di'o idan ya dawo rangadi, ƙiyasin harajin gundumomi, naɗi da tuɓe hakimai, rikicin iyaka. Ko su ma a warwatse suke, domin Katsina ta zauna ƙarƙashin lardin Kano, a 1926 aka mayar da ita lardin Zariya, sai a 1934 aka haɗa ta da Daura aka yi lardin Katsina. Mai neman labarin gunduma ɗaya sai ya bi fayilolin larduna uku. To amma ko ya bi su duka, yawancin abin da zai ji muryar Bature ce yana yi wa Bature bayani. Talaka yakan fito ne a matsayin adadi: mutum kaza, shanu kaza, fam kaza. Shi kuwa malamin hakimi, wanda shi ne ya zauna a zauren dagaci ya ƙirga mutanen nan ya rubuta sunayensu, da wuya takardar hannunsa ta kai Kaduna. Jimillarsa ce kawai take kaiwa.

Kakanku a daidai wannan gaɓa ya tsaya. A Katsina aka fara kafa Baitulmali irin na En'e a Arewa, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau a 1906, da Bature Palmer. Tun daga nan rubuta kuɗin shiga da na fita ya zama aikin yau da kullum a ƙasar nan, aka samu malaman haraji da na jangali da na kasuwa da na daji, kowa da littafinsa. Littattafan da suka zauna a gidajen hakimai da kotunan alƙalai da yawa gara ta cinye, wasu aka zubar da su lokacin da aka rushe tsarin En'e aka kawo ƙananan hukumomi a 1976. Abin da ya tsira sau da yawa shi ne wanda malamin ya tafi da shi gida ya jefa a adaka.

Ɗauki rasit ɗin haraji guda ɗaya ka duba. Ɗan ƙarami ne, wani bai kai tafin hannu ba, ya yi ja, gefensa da alamar inda aka yage shi daga littafi. Akwai sunan mai biya, da ƙauyensa, da kuɗin da ya biya, da shekara. Shi kaɗai ba ya cewa komai. Amma idan aka samu na shekara ashirin a jere daga ƙauye guda, za a ga yadda kuɗin yake hawa, za a ga shekarar da aka cire ƙauyen daga wannan gunduma aka kai wata, za a ga sunayen da suka ɓace bayan shekarar yunwa ko ta fari. Gwamnatin Balarabe Musa ta soke wannan haraji a nan a 1979, lokacin muna cikin jihar Kaduna, kuma wataƙila 'ya'yanka ba su taɓa ganin irin takardar ba.

Littafin bashin nan kuma, wanda na tabbata shi ne na farko da za a ce a jefar, ni a wajena ya fi wasu littattafan da ke cikin gafaka daraja. Ba don raina ilimi ba. Risala da Ishiriniya da Muhtasar akwai kwafinsu a ɗaruruwan gidaje, amma littafin da kakanku ya rubuta wa ya ba kuɗi kafin damina, wa ya biya da gyaɗa a kaka, nawa aka sayi buhu, wane kamfani yake kai wa, guda ɗaya ne a duniya. A cikinsa za a ga ƙauyukan da suka rungumi gyaɗa da waɗanda suka tsaya kan auduga ta ɓangaren Funtuwa da Malumfashi. Za a ga abin da ya canza bayan 1949, da aka kafa hukumomin sayen gyaɗa da auduga suka riƙa yanka farashi. Wani lokaci har sunayen mata za a gani, masu sayen gyaɗa su yi mai da ƙuli-ƙuli, waɗanda babu wani fayil na gwamnati da ya san da zamansu.

Akwai misali sananne. Umar Falke malami ne kuma ɗan kasuwa a Kano, ya rasu a 1962. Takardunsa sama da dubu uku suna nan a jami'ar Northwestern ta Amurka, a dunƙule da sunansa, kuma masana suna komawa kansu har yau don su ga abin da malamin Hausa ɗan kasuwa yake karantawa, yake rubutawa, yake ajiyewa. Abin da ya ba su wannan daraja shi ne ba a raba su ba. Abin takaicin kuma shi ne Bakano mai son ganin na asali sai ya nemi biza. A nan gida, marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, da ya zo rubuta tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, bai tsaya kan abin da Turawa suka tara ba. Ya bi garuruwa yana zama da dattawa, yana duba rubuce-rubucen da ke hannun mutane, har ƙetaren iyaka.

Maganar iyaka ma tana da muhimmanci. Bayan jihadi, gidan sarautar Katsina na da ya koma Maraɗi, na Daura ya koma Zango da Baure, har 1906 da aka dawo da Malam Musa kan gadon Daura. Da Ingila da Faransa suka ja layi, sai takardun hukuma na mutane ɗaya suka rabu: wasu a Kaduna da Landan, wasu a Yamai da Faransa. Wasiƙun dangi da na 'yan kasuwa su ne ba su san da wannan layi ba. Idan ka ga wasiƙa daga Maraɗi ko Tasawa ko Damagaram a cikin adakar, ka riƙe ta da kyau.

Yanzu ga dalilin da na ce kada a tsara. Yadda mutum ya ajiye takardunsa shi ma bayani ne. Wasiƙar da ba ta da kwanan wata, idan tana ɗaure cikin damin rasit na 1952, ta riga ta faɗi shekarunta. Guntun takardar da aka cusa a tsakiyar wani littafi wataƙila sharhi ce a kan wannan shafin. Da zarar an zazzage komai a tabarma an ce na Larabci nan, na boko can, hotuna a leda, wannan bayanin ya tafi, kuma ba mai iya dawo da shi. A aikinmu na adana takardun tarihi ƙa'ida ce ta farko: takardun mutum ɗaya ba a gauraya su da na wani, kuma ana barinsu bisa jerin da mai su ya bari. Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki hoton adakar a buɗe kafin ka taɓa komai, sannan ka riƙa fitar da dami ɗaya-ɗaya daga sama, kana ba kowanne lamba a wata 'yar takarda daban: dami na 1, dami na 2. Ka samu littafi ka rubuta abin da ke cikin kowanne a taƙaice, misali wasiƙu goma sha biyu na ajami da rasit bakwai, ɗaure da jan zare. Ambulan kada ka rabu da shi, domin hatimin gidan waya yana ɗauke da gari da rana.

Batun gado hurumin malamai ne da alƙali, ba nawa ba, kuma gaskiya ne littattafai dukiya ce da magada suke da haƙƙi a kai. Abin da zan ce ka nuna wa mai rabon shi ne bambancin da ke tsakanin littafin bugu da na hannu. Bugun Misra ko na Beirut ko na Kano a raba, babu asara, sai dai a duba ko marigayin ya yi rubutu a gefen shafuka ko a bangon ciki, inda mutanen da sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'ya da rasuwar manya. Rubutun hannu kuwa ba a ɗinke yake ba. Warƙoƙi ne a sake tsakanin tadarishi biyu, wato marfin littafi mai kauri, a cikin gafaka, kuma yawanci ba lambar shafi. Abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalma ɗaya da marubucin yake ajiyewa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon warƙa ta gaba. Na sha ganin littafi guda rabinsa a wannan gida, rabinsa a wancan, saboda an raba da kauri, kowa ya samu tsayin yatsa uku. Kamar a raba taguwa ɗaya ne, wannan ya ɗauki hannu, wancan ya ɗauki wuya. Mafita biyu ce aka saba bi: ko a yi wa adakar ƙima mutum ɗaya ya karɓe ta cikin rabonsa, ko magada su yarda a bar ta a dunƙule a matsayin waƙafi da sunan kakanku. Idan akwai marayu ƙanana a cikin magadan, malamin zai faɗa muku yadda za a kiyaye nasu haƙƙin. Takardun gona da na gida da har yanzu ake kafa hujja da su dabam ne, a ɗauki hotonsu a miƙa wa masu su.

Masu cewa a ƙona, niyyarsu mai kyau ce, kada ka yi musu dariya. Ana yin haka ga yagaggun warƙoƙin da ake tsoron su faɗi ƙasa a tattaka. Amma takardar da ke cikin adaka a lulluɓe ba a wulaƙanta ta ba. Kuma kusan kowace wasiƙa ta wancan zamani da Bismillah take farawa. Da wannan ne ma'auni, da gidan Waziri a Sakkwato bai ajiye wasiƙun sarakuna ba, da Waziri Junaidu bai samu abin da ya rubuta tarihi da shi ba.

Za ka so ka san shekarun takardun. Wasu alamomin kai ma za ka iya karantawa. Idan lissafi da fam da sule da kwabo ne, kafin 1 ga Janairu 1973 ne, ranar da naira ta fara aiki. Idan ana maganar zambar kaza na wuri, to farkon zamanin Turawa ne ko kafin haka. Kan sarki mai hoton Sarki Joji na shida daga ƙarshen shekarun 1930 ne zuwa farkon na 1950, mai hoton Sarauniya kuma daga 1953. Takarda mai tambarin Jihar Arewa ta Tsakiya tsakanin 1967 da 1976 take, jihar Katsina kuwa sai daga Satumba 1987. Rubutun biro ba zai riga ƙarshen yaƙin duniya na biyu ba, don haka takardar gonar da aka rubuta da biro aka sa mata 1925, ko dai kwafi ce da aka yi daga baya, ko kuma akwai magana. Shekarar Hijira kuma ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka faɗa kusa: 1350 ta ba ka 1931.

Tsofaffin na Larabci, ɗaga warƙa ɗaya a hankali ka sa ta tsakaninka da hasken taga. Za ka ga layuka sirara a jere cikin jikin takardar, wataƙila kuma ka ga jinjirin wata guda uku, babba da matsakaici da ƙarami. Wannan takarda ce da ake yi a arewa maso gabashin Italiya, ta biyo ta Tarabulus da Misra ta ƙetaro Sahara, kuma ita malamanmu suka fi rubutu a kai a ƙarni na 19 har zuwa farkon na 20. Sai dai tambarin yana faɗin shekarun takarda ne, ba na rubutu ba, tunda mutum yakan ajiye farar takarda shekaru kafin ya yi amfani da ita. Haka nan ranar da ke ƙarshen littafi tana iya zama ta mai kwafi, ba ta mawallafi ba. A waƙoƙin ajami kuma shekarar takan zo da ramzi, wato haruffan da ake lissafawa. Nan ne 'yan boko da suka koyi Larabci a jami'a suke tuntuɓe, domin malamanmu lissafin Magrib suke bi, ba na Gabas ba. A namu shinun dubu ce, sinun ɗari uku, nunun hamsin, sun haɗu sun ba da 1350. Wanda ya bi lissafin Gabas zai samu 410, ya ce maka waƙar ta girmi hasumiyar Gobarau. Irin wannan ka nemi tsohon malamin zaure ya zauna da kai. Shi ne ma zai iya karanta hannun, don rubutun wasiƙa na da, mai gudu, ba kowane mai digirin Larabci ke fitar da shi ba.

Kuma don abu yana rubuce ba shi ne ya zama gaskiya ba. Malamin haraji yana da dalilin rage adadi ko ƙara shi. Salsalar gida da aka rubuta lokacin neman sarauta takan miƙe fiye da yadda take. Wannan ba ya rage darajar takardar, aikin mai bincike ne ya auna.

Adanawa ba ta buƙatar kuɗi mai yawa, abin da take buƙata shi ne a bar wasu abubuwa. Babbansu lamineshin. Mutane suna kai tsohuwar takarda shago a manne ta cikin roba da zafi, suna ganin gata suka yi mata. Zafin yana dafa ta, gam ɗin yana shiga jikinta, kuma ba ta fitowa har abada. Salatif ma haka: bayan 'yan shekaru ya bushe ya faɗi, ya bar tabo ruwan ƙasa a kan rubutun. Allurar maƙala takardu da ta yi tsatsa a cire ta a hankali, robar ɗaure kuɗi a yanke ta. Kada a zuba takardu a leda a ƙulle, gumi suke yi a ciki su yi fumfuna. Kada a fesa musu maganin sauro ko fiya-fiya. Kowane dami a naɗe shi da farar takardar fotokwafi sabuwa, ba jarida ba, a ɗaure da zaren auduga sako-sako, a shimfiɗa wankakken farin ƙyalle a cikin adakar don kada su taɓa ƙarfe. Adakar ƙarfe ita kanta ba laifi, tana hana ɓera da gara shiga, in dai ba a ɗakin da rana ke gasawa take ba, kuma ba a ƙasa ba.

Busasshiyar iskarmu ta taimaka, shi ya sa takarda take daɗewa a nan fiye da kudu. Amma hunturu yana busar da ita har ta riƙa karyewa, don haka wadda ta daɗe a ninke kada ka buɗe ta da ƙarfi. Idan ta ƙi, bar ta sai mai sana'ar ya gani. Haɗarin gaske yana watan Agusta: yoyon rufi, danshin bango, da gara mai bin azara. Duba adakar sau biyu ko uku kowace damina. Wadda ta jiƙe a shanya ta a inuwa, ba a rana ba. Tawadar da aka haɗa da bagaruwa da kashin maƙera, wadda takan koma ruwan ƙasa, tana cin takarda a hankali, har ka ga harafi ya zama huda, kuma laima tana ƙara mata sauri. A wanke hannu a bushe shi kafin a taɓa, a bar lasar yatsa wajen buɗe shafi, kuma fensir kaɗai ya kusanci wurin.

Abin da ya fi duk wannan gaggawa ba a cikin adakar yake ba. Idan akwai gwaggo ko inna ko wani tsohon yaron gidan da ya san kakanku, ɗauki hotunan ka je ka zauna da su a makon nan, ka kunna rikoda a wayarka. Wane ne wannan na dama? A ina aka ɗauka? Wane ne wannan da ake kira da laƙabi a wasiƙu? Tsofaffin mata sun fi kowa riƙe wannan, su suka san wa ya auri wa, wa ya tafi Makka ta ƙasa ta Sudan bai dawo ba, wa aka ɗauka soja aka kai yaƙin Bama. Hoton da ba a san mutanen cikinsa ba ya rasa yawancin amfaninsa. Rubuta sunayen a takarda daban mai lamba ɗaya da hoton, kada ka danna biro a bayansa. In akwai kaset a ciki kada ka sa shi a tsohuwar rediyo ta tauna, akwai lokacin da mutane suke aika saƙon murya da kaset daga Makka da kudu.

Sannan ka ɗauki hoton komai. Waya mai kyamara mai kyau ta isa. A yi da rana a inuwa, ba filasha, takardar a kwance kan baƙin ƙyalle, wayar a saitinta daga sama, gaba da baya ko da bayan fari ne, da 'yar takardar lamba a gefe. Sunan kowane hoto ya bi lambar dami. Kada ka dogara da WhatsApp, yana rage ingancin hoto idan ba a matsayin fayil aka tura ba. Ajiye kwafi uku: a kwamfuta, a wata ma'ajiya ta daban da ke wani gida, da kuma a intanet. Wannan ne ma zai kwantar da hankalin 'yan'uwa, tunda kowa zai samu adakar gaba ɗaya a wayarsa maimakon kashi ɗaya cikin goma.

Wurin kaiwa akwai. A nan gida akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, akwai gidan kayan tarihi na ƙasa da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920 kafin a mayar da ita Kaduna a 1938, akwai kuma sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. A Kaduna akwai Arewa House, gidan Sardauna da aka mayar cibiyar bincike a 1970, mai karɓar takardun mutane da na iyalai, ga kuma ma'ajiyar ƙasa da na ambata. A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello tana da shirin binciken tarihin Arewa da ya fara tara rubuce-rubucen hannu tun shekarun 1960. Ba zan zaɓa maka ba. Je ka da ƙafarka, ka ce a nuna maka ɗakin ajiyar, ba ofishin shugaba ba. Duba rufi, duba ko takardu suna kan kanta ko a ƙasa. Sannan ka ce a fito maka da takardun wani da aka kawo shekara goma da suka wuce. Yadda aka same su, da lokacin da aka ɗauka, shi zai gaya maka abin da zai faru da naku. Ra'ayina shi ne na asali su zauna kusa da gida idan an samu wuri mai aminci, kwafin hoto kuma a kai wurare biyu ko uku. Barinsu a hannun ɗaya daga cikinku ma hanya ce, in akwai mai kula, amma ka ga dai yadda gida yake zuwa ga sayarwa.

Duk inda za ku kai, a yi yarjejeniya a rubuce. A fayyace ajiya ce ko kyauta, domin ajiya kuna iya karɓar abinku, kyauta kuwa ta fita hannunku. A haɗa da jerin nan da ka rubuta, kowa ya sa hannu a kowane shafi. A rubuta cewa za a kira tarin da sunan kakanku, ba za a gauraya shi da wani ba, kuma zuriyarsa suna da damar gani. Aro kuwa babu shi, ko farfesa ne, ko ɗan sarki ne. Mai so ya zo ya karanta a gabanka ko ka ba shi hoto. Takardun gidaje da yawa ta hanyar "zan yi kwafi in dawo da shi jibi" suka salwanta. Dillalan kayan tarihi ma za su iya jin labari su zo da kuɗi. Ka sani dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta sa rubutun hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihin da ba a fitar da su waje sai da izini.

Saura abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma za ka ci karo da shi. A irin wannan adaka akan samu abin da gida ba ya son a ji: takardar fansar bawa ko ta 'yantawa mai ɗauke da sunan kakan wasu da kuke zumunci da su yau, tunda sai a 1936 aka kammala haramta bauta a dokar Arewa, sunayen waɗanda suka ci bashi ba su biya ba, takardar saki, ƙarar da talakawa ko 'yan jam'iyyar NEPU suka kai a kan hakimin da kakanku ya yi wa aiki, wataƙila har da shi kansa, da kundin laƙani da hatimai. Hannu zai yi ƙaiƙayin zare su a ɓoye a yaga. Kada a yi. A bar su a daminsu, a rubuta cikin yarjejeniya cewa dami kaza a rufe yake har shekara talatin ko hamsin, ko kuma mai bincike zai iya karantawa amma ba zai ambaci suna ba. Ma'ajiyoyi sun saba da irin wannan sharaɗi. Waɗannan kada su shiga cikin kwafin da za ka raba wa dangi, kuma kada ko ɗaya ya hau Facebook.